Kaset ɗin Damagaram

A shekarar 2008 Babagana ya shiga karatun adabi na jami'a ta intanet. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Geskeru, yana da mata da 'ya'ya da gonar tattasai da ya gada a bakin Komadugu, kuma ya daɗe yana jin akwai wani karatu da ya yar a hanya bai koma ya ɗauka ba. Duk Asabar sai ya hau babur ya zo Diffa, ya shiga wani siber, shagon intanet da ke bayan kasuwa, wurin wata A'ishatu 'yar Maraɗi da aikin soja ya kawo mijinta garin. Ɗaki ne mai fanka ɗaya, ordinata, wato kwamfutoci, a jere jikin bango, kowa ya ba kowa baya. Ba a hira a ciki. Ko tari mutum ya yi sai an waiwayo an dube shi.

Jami'ar tana can ƙetaren teku, ɗalibanta kuwa a warwatse suke, wani a Lome, wani a Njamena, wata a Bamako, ba wanda ya taɓa ganin fuskar wani. Malamar da ke kula da su ta ba su wani littafin Faransanci, su riƙa karanta shi kashi-kashi, kowa ya shiga dandalin muhawara na ajin ya rubuta abin da ya gani. Ƙa'idar a fili take: wanda bai rubuta komai ba, bai zo aji ba.

Babagana bai rubuta komai ba, kuma ba ƙiwa ba ce. Yakan ƙura wa gilashin ordinata ido ya bi layi bayan layi, kowace kalma ya san ta, amma kafin ya kai ƙasan shafi na sama ya tsiyaye. Ya sa A'ishatu ta fitar masa da shafukan a takarda, ya kai su gida ya zauna da su bayan la'asar, duk ɗaya. Ya san dai labarin wani mai fito ne a wani kogi na ƙasar sanyi, ya san an yi ambaliya, amma mutanen littafin sun ƙi miƙewa tsaye. Sauran ɗaliban kuwa sai zuba suke yi. Na Lome har taswirar kogin ya zana ya aiko, ta Bamako takan tsinto jimla ɗaya ta feɗe ta har ƙashi. In Babagana ya karanta nasu sai ya ji kamar mai leƙen gidan biki ta kan katanga.

Cikin watan Janairu saƙon Malama ya zo, da ladabi amma ba kwana-kwana. In wata ya ƙare bai sa baki a muhawarar ba, za a cire sunansa a ba wani gurbin.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya san a da ba haka yake da littafi ba. A shekarun casa'in, lokacin da yake lise, babbar sakandare, a Diffa, yajin aiki ya yi yawa, sai a yi makonni ba a buɗe aji ba. A irin waɗannan makonnin yakan ja abokinsa Ishaƙ su tafi Geskeru. Ishaƙ ɗan wani jami'in kiwo ne da aka kawo daga Tawa, siriri, mai son inuwa, wanda bai taɓa riƙe fartanya da niyya ba. Idonsa kuwa abin mamaki ne. In ya kalli shafi sau ɗaya zai gaya maka a wane lungu kowace kalma take, amma in ka tambaye shi me ya sa mutumin labarin ya yi abin da ya yi, sai ya ɗaga kafaɗa.

To, a gona sai suka raba aiki. Babagana ya shiga ban-ruwa, laka har gwiwa, yana buɗe wa ruwa hanya nan yana toshewa can. Ishaƙ ya hau kan tudu ƙarƙashin tsamiya ya buɗe littafin aji yana karantawa da ƙarfi, don muryarsa ta ɗara ƙarar injin ban-ruwa. Ba ya yin nisa sai Babagana ya miƙe ya ce masa ya tsaya, wannan mutumin ƙarya yake yi wa matarsa. Ishaƙ ya ce ba a rubuta haka ba. Babagana ya ce ba sai an rubuta ba. Su yi ta ja har ruwa ya ɓalle ya shiga inda ba a aike shi ba. Kogin a cike yake a lokacin, masunta na wucewa, daga ɗaya gaɓar ana jiyo rediyon wani ƙauyen Najeriya, da azahar kuma mahaifiyar Babagana ta aiko da kifi da tuwo. Abokan aji suka sa musu suna Ido da Kunne. Littattafan da aka karanta a gindin tsamiyar nan har yau suna cikin kan Babagana, da muryar da ta karanta su, da warin laka.

A shekarar ƙarshe ta lise aka mayar da mahaifin Ishaƙ yamma. Babagana ya raka su tasha. Ishaƙ ya hau saman kaya a bayan babbar mota, ya zauna fuskarsa na kallon hanyar Damagaram, motar ta tashi, bai waiwayo ba. A shekarar Ishaƙ ya ci bak, jarrabawar gama lise. Babagana ya faɗi, ya sake faɗuwa, sai daga baya can ya samu da kyar yana koyarwa. Bai taɓa gaya wa kowa ba, amma rashin waiwayen nan ya zauna masa a ƙirji kamar ƙayar kifi.

Sai da wayar hannu ta iso kwarin Komadugu suka sake jin muryar juna. Ishaƙ ya zama babba a wani biro a Damagaram, ya yi ƙiba in ji masu zuwa can. Shi ne ma ya gano wannan karatun, ya matsa wa Babagana, ya yi masa rajista daga ofishinsa don layinsu ya fi ƙarfi, har kalmar sirrin shiga shi ya zaɓa. Don haka da saƙon Malama ya zo, shi Babagana ya kira.

Ishaƙ ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi dariya. "Babarbare, har yanzu kunnen ne? Bar mini. Littafin nan na san shi, in zauna in rubuta maka shafi biyu kafin shayi ya huce."

Babagana ya ce a'a. Ishaƙ ya ce ai ba yau aka fara ba, a lise wa yake rubuta abin da ake faɗa a gona ya kai wa malami? Babagana ya ce wannan daban. Ishaƙ ya tambaye shi ina bambancin, sai Babagana ya ce shi dai abu ɗaya yake roƙo: ya karanta masa littafin a kaset ya aiko. A kwarin nan haka ake yi tun da daɗewa. Wanda ɗansa ya tafi Libiya ko Legas ba ya neman mai rubuta masa wasiƙa, rediyo yake ajiyewa a gabansa ya faɗi abin da ke ransa, ya ba direba.

"Karatun intanet a kaset," in ji Ishaƙ. "In Turawan suka ji sai sun rufe jami'ar."

Amma ya yi. Bayan kwanaki wani direba mai suna Ilu, da ke jigilar tattasai zuwa Damagaram, ya miƙo wa Babagana ƙunshi a leda. Babagana ya sayi sababbin pil, baturan rediyo, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya ce kada yara su yi motsi. Ya zauna a tabarma ya harɗe hannu ya danna.

Muryar Ishaƙ ce, amma ba ta gindin tsamiya ba. Muryar mai karanta rahoto ce a taro, da sauri, ba hawa ba sauka. Babagana ya saurari fuska ɗaya ta kaset ɗin, ya juya, ya saurari ɗayar, ya tarar hankalinsa na kan rufin ɗaki inda gara ta fara ci. Abin da ya shige shi bai fi na gilashin siber ba. Wannan ya tsorata shi fiye da saƙon Malama, don duk shekarun nan ya ɗauka kunne ne maganinsa. In kunnen ma ya ƙi, to wataƙila ba hanya ce ta toshe ba, shi ne ya tsufa da karatu.

Lokacin kuwa na shanya ne. Bayan gari filin ya yi ja wur da tattasai, kuma tattasai ba ya jiran mai baƙin ciki. Washegari bayan an tashi daga lakwal ya tafi wurin tsinta, ya rataya rediyon a kafaɗa don kada a ce kuɗin pil ya tafi a banza. Matarsa Falmata na can, da yayar mahaifinsa Ya Fanna, tsohuwa mai kaifin baki wadda ba a tsintar tattasai a gidansu ba tare da ita ba. Suka zauna a da'ira, ana ware ruɓaɓɓe da wanda rana ta ƙone ya yi fari, ana tura mai kyau gefen buhu. Ya kunna kaset ɗin a hankali ya sa hannu cikin tulin.

Ba a jima ba Ya Fanna ta tambaya, da Barbarci, wane ne wannan da yake ta faɗa shi kaɗai ba mai amsa masa. A wurin tsinta ba a yin haka. Duk mai ba da labari sai an tare shi, a tambaye shi, a ƙaryata shi in ta kama, in ba haka ba barci zai kwashe masu aiki. Babagana ya danna ya tsayar, ya ce mata littafi ne. Ta ce to me littafin ya ce. Ya fara juya mata: wani mai fito ne, ruwa ya taso cikin gari, jirginsa ya cika da mutane, sai ga amininsa ya iso gaɓa a makare. Mai fiton ya tura jirgi ya bar shi, ruwa ya ci aminin.

Ya Fanna ta ce su wa ke cikin jirgin. Bai sani ba. Ta ce aminin ya yi kira ko bai yi ba. Nan ma bai sani ba. Ta ce wane irin malami ne wannan, yana ba da labarin da bai ji ba. Sai ya mayar da kaset ɗin baya ya saurara da tambayarta a kunnensa, hannunsa na ci gaba da tsinta. Ga su kuwa: mata ne da yara a jirgin, da wani tsoho rungume da agogon bango. Aminin bai yi kira ba, hannu kawai ya ɗaga. Mai fiton kuma tun da ya tura jirgin bai juyo ba har ya kai ɗaya gaɓar.

"Nan ya yi laifi," in ji Ya Fanna. "Jirgi in ya cika ya cika, mun sani. Amma wanda zai bar ka a gaɓa, ko kallonka ya yi."

Falmata ta ce kallo ba ya fitar da kowa daga ruwa. Ya Fanna ta ce ke yarinya ce, ba a taɓa barin ki ba. Babagana na jin su, sai ya ji bakinsa ya buɗe da kansa, kamar yadda yake buɗewa a cikin laka shekarun baya. Ya ce a'a, Ya Fanna. Da mutumin nan ya juyo ya ga hannun, da ya mayar da jirgin, da duka sun nutse har da agogon. Ya san kansa, shi ya sa ya kafe wuyansa. Ba don aminin bai kai a kalle shi ba ne, don ya fi ƙarfin a kalle shi ne.

Ya faɗi haka, da tattasai a hannu, sai ya ji maganar ta wuce littafin ta taɓa wani wuri. Ya Fanna ta ce bai gamsar da ita ba, ya kunna su ji gaba.

Haka suka cinye littafin a wurin shanya, yamma bayan yamma. A kunna, a tsayar, ya juya da Barbarci, a yi gardama, a mayar baya. Maƙwabta suka fara matso da tabarminsu. Mutanen littafin da suka ƙi miƙewa a siber suka miƙe a tsakiyar tattasai, har Falmata na mafarkin tsohon mai agogo. Sannan Babagana ya gane ba kunne kaɗai ba ne. Sai hannunsa na aiki, sai kuma da wanda zai ce masa ba haka ba ne.

Asabar ta ƙarshen wata ya hau babur da jimlolinsa a baki, yana maimaita su a hanya. Ya shiga siber ya buɗe dandalin, sai ya ga sunansa a sama. Wani dogon rubutu ne da sunan Babagana, Faransanci mai santsi, ba tuntuɓe ko ɗaya. A ƙasa Malama ta yaba, ta ce ta yi murna da jin muryarsa a ƙarshe, ta janye gargaɗinta. Bai buƙaci a gaya masa wa ya rubuta ba. Ishaƙ bai yarda kaset zai yi aiki ba, ya shiga da kalmar sirrin ya cece shi.

Ya karanta rubutun, wannan karon kuma ya shige shi, don ya san muryar. Ishaƙ ya yanke wa mai fito hukunci ba sassauci. Ya ce wanda ya haye ya bar nasa a baya ba shi da hujja, cikar jirgi uzuri ne kawai, kuma duk abin da zai yi daga baya ba zai biya ba.

"Malam, lafiya?" in ji A'ishatu daga teburinta. "Ka zauna kamar an aiko maka da rasuwa."

Ya ce lafiya lau. Gurbinsa ya tsira, abin da ake so daga gare shi shiru ne kawai. Ya yi ta juya tambayar da Ishaƙ ya yi masa a waya. A lise Ishaƙ ya sha kai wa malami maganar da aka yi a gona ya karɓi yabo, ba wanda ya kira abin sata, shi ma bai kira ba. Yanzu an juya, an ba shi aro, me ya sa zai ƙi? Ya gaya wa kansa cewa wancan tare suka haƙa, wannan kuwa an sa masa a baki abin da bai yarda da shi ba. Sai wata tambayar ta biyo: da rubutun ya dace da ra'ayinsa, da zai yi shiru? Bai samu amsar da za ta wanke shi ba, kuma bai samu ba har daga baya. Abin da ya sani shi ne ya yi makonni yana kare mai fiton nan a gaban Ya Fanna, ba zai bari a rataye shi da sunansa ba.

Ya roƙi A'ishatu ta yi masa haƙuri, zai ɗan yi magana. Ta ce in dai wuta ba ta ɗauke ba ya yi ta yi. Sai ya riƙa faɗin kowace jimla a fili, ƙasa-ƙasa, ya ji ta a kunnensa, sannan ya buga da yatsu biyu masu warin tattasai. Na kusa da shi suka waiwayo, suka gaji suka juya. Ya rubuta cewa rubutun da ke sama ba nasa ba ne, wani amini ne ya yi masa don tausayi ba da saninsa ba. Ya faɗi yadda shi ya karanta littafin, da kaset da tsohuwa da buhuna. Sannan ya kawo hujjarsa a kan wuyan da aka kafe. Rubutun gajere ne, da kurakurai, ya aika kafin ya sake tunani.

Amsar ta jira shi Asabar ta gaba. Malama ta soke makin, ta ce wannan darasin sai ya maimaita shi baɗi, ya kuma canza kalmar sirrinsa yau. Amma ba ta cire sunansa ba, ta ce ta ga alamar wanda ya karanta littafin har ƙarshe. A ƙarƙashin rubutunsa ɗalibai sun taru. Na Lome ya ce taswirarsa ta nuna akwai lokacin komawa, don haka bai yarda ba. Na Njamena, wanda shi ma bai cika magana ba, ya ce shi sai yana zagaya tsakar gida yake iya karatu, ya ɗauka shi kaɗai ne mai irin wannan lalurar.

Ishaƙ ya kira da yamma, ransa a ɓace. "Na tsamo ka daga ruwa, ka sake faɗawa da ƙafarka. Shekara guda fa ka zubar."

"Ka yanke wa mai fito hukunci da sunana," in ji Babagana. "Ni kuwa na riga na sallame shi."

Can Ishaƙ ya ce, da wata murya da ba ta biro ba, ashe har yanzu gardamar na nan. Babagana ya ce tana nan, mai tare shi ne ya yi ƙaura. Suka yi maganar ruwan bana da farashin buhu, suka yi sallama.

Tattasai na gab da ƙarewa a fili Ilu ya sake kawo ƙunshi, littafin zango na gaba ne. Babagana bai shiga ɗaki da shi ba, wurin tsinta ya nufa kai tsaye, ya ajiye rediyon a kan buhu ya danna. Ishaƙ ya fara karatu a hankali, yana ɗaga murya kamar mai son ya ɗara ƙarar wani inji da ba ya nan. Ya karanta sakin layi ɗaya, ya tsaya.

"To, Kunne," in ji kaset ɗin, "ga wurinka."

Daga nan ba komai sai shuuu na zaren da ke juyawa, fili guda da aka bari ba magana. Babagana ya buɗe baki, amma Ya Fanna ta riga shi, tana tambaya me mutumin ya ce, kuma ita tun yanzu ba ta yarda ba.